Zaɓen Itatuwa da Renonsu a Farfajiyar Makaranta

Yau shekara 3 ke nan da aka ɗora mini kula da lambun kwalejin nan tamu. A damina ta fari muka yi bikin dashe, aka kafa rumfa, aka yi jawabai, manyan baƙi kowa ya riƙe shebur aka ɗauke shi hoto. Ran nan itace 60 muka dasa, tun daga bakin ƙofa har ɗakunan kwana. Da watan Afrilu ya kama sai na ɗauki littafi na bi layin nan ina ƙirgawa, na tarar 11 kaɗai ke da rai. Sauran kuwa waɗansu awaki sun cinye, waɗansu gara ta sha, waɗansu sun bushe a tsaye kamar tsinken tsire.

Na koma wurin tsohon nan mai yi mana aikin lambu raina a ɓace, na ce, "Baba, me muka yi ba daidai ba?" Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Malam, ranar biki ba a dashen itace. Wanda ya raka shi har ya ga damina ta biyu, shi ne ya dasa."

Maganar nan ita ce ta sa na rubuta wannan bayani, musamman domin ku ɗalibai da ke shirin fita. Da yawanku za a tura ku makarantun ƙauye inda za ku tarar da fili fetal, ba inuwar da yaro zai fake da tsakar rana, iskar hunturu tana shiga aji da ƙura, ta bazara kuma tana yaye kwanon rufi. Kadan kuka yi irin kuskuren da na yi, za ku ɓata kuɗi da ƙarfin yara, kuma mutanen gari su ce ai dama itace ba ya yi a wurin. Ga abin da na koya, wani daga littafi, wani daga bakin Baba, wani kuma daga hasarar da na yi.

Fara duban wurin tukuna

Kuskurena na farko shi ne na karɓi abin da aka ba ni kyauta a gidan rainon itatuwa, ban tambayi ko ya dace da ƙasarmu ba. Ƙasar Nijeriya ba ɗaya ba ce. Ruwan da Sakkwato ke samu a shekara wajen milimita 650 ne, na Jos wajen 1,400, na Fatakwal kuwa ya haura 2,000. Itacen da ke walawa a wuri guda yana iya zama abin tausayi a wani.

Saboda haka kafin ka nemi dashe, zaga bayan gari ka ga itatuwan da suka tsiro da kansu, ba mai ba su ruwa, ba mai kare su, amma ga su nan kore shar a watan Maris. Waɗannan sun riga sun ci jarrabawar ƙasar. Ka tambayi tsofaffi sunayensu da halinsu, gama abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Sa'an nan ka dubi ƙasar filin kanta: jigawa ce, ko laka, ko marmara, ko fako? Akwai gwaji mai sauƙi. Haƙa rami mai zurfin ƙafa 2, ka cika shi da ruwa da yamma. In gari ya waye ka tarar ruwan ya tsotse, ƙasar tana da kyau ga yawancin itatuwa. In ka tarar yana nan kwance, to wurin yana riƙe ruwa, saiwar itace da yawa za ta ruɓe a ciki da damina, don saiwa ma tana bukatar iska kamar yadda take bukatar ruwa.

Daga nan ka tambayi kanka abin da kake so itacen ya yi maka. Inuwa ce, ko tare iska, ko shinge, ko 'ya'ya, ko ado? Bahaushe ya ce inuwar giginya na nesa ka sha. Giginya itace ce mai daraja, amma wanda ya dasa ta a ƙofar aji don yara su zauna ƙarƙashinta bai yi tunani ba.

Manyan itatuwa masu juriya

Dogon yaro, wanda waɗansu ke kira darbejiya ko maina, shi ne kowa ya fi sani. Asalinsa daga ƙasar Indiya ne, a 1928 aka fara dasa shi a lardin Borno, daga nan ya bazu har ya zama kamar ɗan gida. Yana girma da sauri, yana jure fari, kuma yana riƙe ganyensa da rani lokacin da aka fi son inuwa. Abin da ba ya so shi ne wurin da ruwa ke kwanciya. In za ka shuka irinsa ka nemi sabo, don 'yan makonni kaɗan yake yi ya mutu.

Maɗaci shi ne sarkin bakin hanya, dubi tsofaffin unguwannin ma'aikata a garuruwanmu ka gani. Bai kai dogon yaro sauri ba, amma ya fi shi girma da kwarjini, kuma ya fi son ƙasa mai zurfi da ɗan laima. Tsamiya ta fi su duka nawa, sai ta shekara 7 ko fiye kafin ta ba da 'ya'ya, amma inuwarta sanyi gare ta, iska ba ta cika karya ta ba, kuma jikokin ɗalibanka za su tarar da ita. Na san akwai masu gudun ta don an ce gidan iskoki ce. Ni dai na daɗe ina gyaran takardun jarrabawa a ƙarƙashin wadda ke bayan ofis, ban taɓa gamuwa da kowa ba sai ƙadangaru.

Ceɗiya da durumi ba sa bukatar iri. Reshe mai kauri za ka sara ka kafa da farkon damina, sai ya kama. Inuwarsu ba ta da na biyu, amma saiwarsu mai yawo ce, tana fasa gini, tana shiga rijiya da masai, don haka a nisanta su. Marke da kanya da ƙirya da ɗorawa duk 'yan ƙasa ne masu ƙarfin hali, sun cancanci a ba su wuri a gefen fili.

Gawo kuwa halinsa dabam ne da na sauran. Da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Don haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen da ya zubar taki ne, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne. Gonar makaranta ita ce mazauninsa. Aduwa da magarya da kurna da bagaruwa ba abin da ya kai su jure fari, sai dai ƙaya gare su. A kai su kan iyaka, kada a sa su kusa da filin wasa inda yara ke gudu ba takalmi.

Akwai baƙi biyu da ya kamata a yi hattara da su. Itacen turare, wanda aka kawo daga Ostareliya, yana tashi da sauri ƙwarai, yana ba da sanduna, yana tare iska, amma mashayin ruwa ne, ba abin da ke yin kirki a gindinsa, rassansa sukan faɗo ba sallama, kuma gara tana son ƙananansa. Malaina kuma tana so a sami ruwan sama mai yawa, ta fi dacewa da tsakiyar ƙasar nan da kudu.

Kome kyan itace, kada ka cika fili da iri ɗaya. A shekarun 1980 wani ɗan ƙwaro mai manne wa ganye ya faɗa wa dogon yaro a ƙasashen da ke kewaye da Tafkin Chadi, ya yi ɓarna mai yawa. Wanda ya gauraya iri 4 ko 5, in cuta ta kama ɗaya, sauran suna nan.

Ƙananan itatuwa na shinge da ado

A wajen shinge ban ga kamar lalle ba. A dasa shi kusa da kusa, tazarar ƙafa 1 zuwa 2, a riƙa aske kansa, sai ya cika ya haɗe. Yana jure rani, furensa yana ƙamshi, matan gari kuma za su yi maka godiya. Aguwa da dashi su ne shingen manoman arewa tun kaka da kakanni. Reshe ake yanka a kafa a ƙarshen rani kafin ruwa ya sauka, kuma ba sa neman ban ruwa. A dai gargaɗi yara kada ruwan aguwa ya shiga musu ido. Zogale yana da sauri da amfani a tukunya, amma jikinsa ba ƙwari, sai a riƙa sare kansa daidai ƙirji don ya yi rassa.

A wajen ado akwai furen nan mai ƙaya da ake kira bogambiliya, ɗan asalin Amurka ta Kudu, mai ja da fari da ruwan hoda. Abin mamaki game da shi, in aka cika masa ruwa da taki sai ya yi ta ganye, in aka bar shi da ɗan ƙishi a rana sosai sai ya rufe da fure.

Biyu ne nake roƙonku kada ku kai makarantar ƙananan yara. Bini da zugu yana yin shinge mai kyau, amma 'ya'yansa dafi ne, yara kuwa sukan ɗauka gyaɗa ce su ci. Kariya ma furenta abin sha'awa ne, amma ruwan jikinta dafi ne.

Wanda ya tsiro da kansa

Kafin ka kashe ko kwabo wajen sayen dashe, duba ko akwai kututture mai toho a filin. Sau da yawa abin da muke sarewa muna cewa ciyawa ce, itace ne wanda saiwarsa ta daɗe da nutsawa ƙasa. Manoman jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar sun kama wannan hanya tun daga wajen 1983, suna kiranta sassaben zamani. In sun zo sharar gona sai su zaɓi tsiro mafi ƙarfi, daga 1 zuwa 5 a kowane kututture, su yanke sauran, su kare waɗanda suka bari. An ƙiyasta ƙasar da ta farfaɗo ta haka a Nijar ta kai hekta miliyan 5. Irin wannan itace ba ya neman ka ba shi ruwa, kuma yakan tsere wa na leda wajen girma. Kalgo ko marke ko gawo da ka tarar a filin makaranta, kyauta ce Allah ya ba ka, sai ka kewaye shi.

Yadda ake dasawa

In za ka zaɓi dashe a gidan raino, kada tsawo ya ruɗe ka. Nemi wanda bai wuce gwiwa ba, mai kaurin fensir, mai lafiyayyen ganye. Ɗaga ledar ka duba ƙarƙashi. In saiwa ta huda ta shiga ƙasa, ko ta nannaɗe kamar gammo, ya daɗe a leda, bar shi.

Lokacin dashe shi ne sa'ad da damina ta zauna sosai, ƙasa ta jiƙu har ciki, watau wajen Yuni zuwa Yuli a yawancin arewa, kudu kuwa kafin haka. Mu a waccan shekara sai da muka jira ranar da manyan baƙi za su samu zuwa, har Satumba ta yi nisa. Ruwa 3 aka yi bayan bikin, damina ta ɗauke. Itacen da aka dasa da wuri yana da wata 3 ko 4 na kafa saiwa kafin rani, na ƙarshen damina kuwa maraya ne tun ranar farko.

Auna wuri kafin ka haƙa. Babban itace ya nisanci gini da rijiya da masai da ƙafa 30 ko fiye, tsakaninsa da ɗan'uwansa ma kamar haka. Ɗaga kai ka duba ko akwai wayar lantarki a sama. Inuwa ta fi amfani a gabas da yammacin aji, inda rana ke bugun bango safe da yamma.

Ramin ya yi faɗin ƙafa 2 ko 3. Faɗi ya fi zurfi muhimmanci, gama yawancin saiwoyin da ke ciyar da itace a gefe suke bazuwa, kusa da sama. In akwai marmara a ƙarƙashi a fasa ta da diga. Ware ƙasar sama dabam, ka gauraya ta da ɗan ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen kashin shanu yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Tsaga ledar da reza ka cire ta duka, ba tare da ka fasa ƙasar da ke jikin saiwa ba. Na tono waɗansu daga cikin matattun nan namu na tarar da su cikin ledarsu, yadda aka kawo su haka aka binne.

Zaunar da dashen yadda wuyansa, watau inda kara ya haɗu da saiwa, zai yi daidai da bakin ƙasa. In ka binne wuyan zai ruɓe. Mayar da ƙasa, ka taka a hankali, ka yi masa ɗan gurbi kewaye kamar kwano don ya tare ruwa. In wurin gangare ne, yi kunya mai siffar rabin wata ta ƙasa da shi. Da yamma ake dashe, ko ranar da hadari ya rufe, a ba shi ruwa nan take.

Reno: shekara biyu na fari

Abokan gaban ƙaramin itace 4 ne: akuya, ƙishi, gara da wuta.

Akuya ita ce ta fari, don haka a tanadi kariya tun kafin a kawo dashe. Ko keji na ƙaya, ko na kara da sanduna, ko tubali da aka jera da tazara don iska ta shiga, tsawonsa ya kai ƙirjin babban mutum. Ku tuna akuya tana miƙewa da ƙafa biyu. Kada a cire sai kan itacen ya fi ƙarfin bakinta, jikinsa kuma ya yi kauri.

Ban ruwa kuma akwai dabara. Yayyafi kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama tana jira, ran da aka manta sai ta bushe. Bokiti guda cike, sau 2 a mako, a zuba a hankali ya nutse, shi ke jan saiwa ta bi ruwa ƙasa. A rani na biyu sau ɗaya a mako ya isa, a na uku kuwa yawancin itatuwan da na ambata sun kama kansu. Inda ruwa ke wuya, a binne tsohon tulu a gefen dashen har wuya, a cika shi a rufe bakinsa, zai riƙa tsattsafowa a hankali. Ruwan alwala ma kada ya tafi a banza, a yi masa hanya zuwa gindin itace. Cikin 11 ɗin nan da suka tsira, 4 suna kusa da masallaci ne.

A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ganye a gindi don laima ta daɗe, amma a bar tazarar tafin hannu tsakaninta da jikin itacen. Gara ta fi kama itacen da ƙishi ya riga ya raunana, saboda haka ban ruwa shi ne rigakafinta na fari. Baba yana barbaɗa toka kewaye da gindi, yana kuma rushe hanyar gara da zarar ya gan ta a jikin kara.

Wuta kuwa, kafin hunturu ya shigo, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, a nome busasshiyar ciyawar da ke tsaye kewaye da kowane itace. A hana masu shara tara juji su ƙona a gindin itace, ko babba ne.

In iska tana kwantar da dashen, a kafa masa sanda a ɗaure da tsumma sakwa-sakwa, yadda zai iya motsi, don motsin nan ke ƙarfafa shi. Bayan shekara guda a kwance. Waya ko igiyar roba da aka manta takan nutse cikin jiki ta shaƙe shi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Daga shekara ta biyu a fara rage rassan ƙasa kaɗan kaɗan, a bar kai guda ya miƙe. A yi amfani da wuƙa mai kaifi ko zarto. A yanke reshe dab da ɗan kumburin nan da ke gindinsa, kada a bar dungu, kada kuma a shafe kumburin, gama daga nan ne ciwon ke rufewa. Ba sai an shafa fenti ko kwalta ba, yanka mai kyau yana warkewa da kansa. In ka ga kauci ya kama reshe, sare reshen tun bai yaɗu ba.

Wani abu kuma da ke kashe manyan itatuwa a idonmu shi ne sassaƙar ɓawo don magani, maɗaci ya fi kowa shan wannan wahala. Abincin da ganye ke haɗawa ta ƙarƙashin ɓawo yake sauka zuwa saiwa. In aka sassaƙe ɓawon ya kewaye jiki, an yanke hanyar ke nan, sai saiwa ta mutu da yunwa, itacen da ya shekara 50 ya bushe. Ku bayyana wa yara wannan a darasin kimiyya, su kuma za su kai gida. Haka nan buga ƙusa don manna sanarwa ba shi da kyau.

Kowane itace da mai shi

Kuskurena mafi girma shi ne yawa. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Itace 60 ba mai su, kowa yana zaton wani zai ba su ruwa, hutun Disamba ya zo kowa ya tafi gida. A damina ta biyu 20 kaɗai muka dasa. Kowane ɗaya muka damƙa shi ga ɗalibai biyu, aka rubuta sunayensu a littafi tare da irin itacen da ranar dashe, kowane wata su auna tsawonsa su rubuta. Kafin a tafi hutu muka shirya da masu gadi da ɗaliban da ke zaune cikin gari. Da Afrilu ta zagayo 17 suna raye, guda 3 da suka mutu muka maye gurbinsu da ruwan fari.

To, ɗalibai, in kun isa makarantunku ku fara da 10, ko ma 5. Ku shawarci shugaban makaranta da mai gari da iyayen yara, don akuyar da za ta ci dashen tasu ce, in suna ciki su za su ɗaure ta. Watakila a yi muku canjin wurin aiki tun itacen bai kai ku tsawo ba, kada wannan ya karya muku gwiwa. Tsamiyar da nake zama ƙarƙashinta ban san wanda ya dasa ta ba, amma kullum sai na yi masa addu'a.

Wanda ke son ganin yadda ake tsaga leda da yanke reshe da idonsa, ya same mu a lambu ran Asabar da safe, ni da Baba muna nan. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.